Nauyin da ke Wutsiyar Tsattsewa

Ƴan lise, wato sakandare, da ke biyowa ta shagonmu in an tashi daga makaranta, ba rediyo ke kawo su ba. Jan jirgin saman wasan nan suke zuwa leƙe duk ranar da aka kawo shi gyara. Sai su yi cirko-cirko bakin ƙofa da jakunkuna a kafaɗa, ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa ya ce, "Ashe katako ne da leda kawai. A ba ni telekomandi ka gani in ban tashe shi yau ba." Ba na tanka musu, don bakina bai iya gardama ba. Shi ya sa na zauna na rubuta musu wannan.

Ni ma daga lise na shigo sana'ar. Shekarar da malamai suka shiga yajin aiki, ɗalibai suka shiga nasu, har damina ta zo ta wuce ba a yi jarrabawa ba, ban da abin yi sai zama gindin bishiyar bedi a tsakar gida ina kallon gajimare. Innata ta gaji da ganina haka, ta riƙa aikena da abincin rana wurin wanta, Kawu Lawali, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, nan Maradi. Wata rana na tarar da shi yana fama da wata waya siririya kamar gashi. Ya kai ƙarfen dalma ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure. Idonsa ya fara gajiya. Ya ajiye ƙarfen ya ce, "Ramatu, miƙo hannunki in gani." Ya dubi yatsuna jim kaɗan. "Ba su rawa. Zauna nan."

Mutane sun yi surutu a kan budurwa cikin shagon maza. Kawu ya ja teburina can ciki bayan tulin rediyoyi, inda mai wucewa ba ya hangowa, maganar ta kwanta. Zamanin taron ƙasa ne da kafa jam'iyyu, kowa da rediyo manne a kunne: mai shayi, mai faci, har masu kawo zogale kan jaki daga Jiratawa. In rediyon mutum ya mutu da safe, kafin azahar yana tsaye kanmu kamar wanda ya kawo mara lafiya. Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙarfen dalma guda biyu, ɗaya na lantarki, ɗaya na garwashi saboda ranar da aka ɗauke wuta. Hantsaki, reza, ƙananan turnabis na kwance kusoshi, da mita mai allura da Kawu ba ya bari kowa ya taɓa sai ya goge hannu.

Aikin jirgi na farko da na gani, telekomandi kawai aka kawo: baƙin akwati mai doguwar eriya da sanduna biyu ƙanana, na dama da na hagu. Mai shi Alhaji Sha'aibu ne, Bagobiri ɗan Tibiri, mai fataucin atamfa, gidansa a unguwar Zariya. Wani Bature mai kula da injinan ban-ruwa na Jiratawa ya koya masa wannan wasa na tayar da ƙananan jirage, da zai koma ƙasarsu ya bar masa jirage uku. Alhaji dogo ne, mai murya kamar ganga. Tun daga bakin titi ya fara.

"Ina bawana Bakatsine? Fito ga aikin ubangidanka!"

Kawu ko kai bai ɗaga ba. "Bagobiri da jirgin sama? Ku da jaki ke kayar da ku?"

Waya ɗaya ce ta tsinke a ciki. Ni na ɗinke ta da dalma. Alhaji ya leƙo ya ganni, ya riƙe haɓa, ya ce lallai ranar Lahadi a zo da ɗiyar nan ta ga abin da hannunta ya tayar.

Filin yana bayan gonakin Jiratawa, busasshiyar ƙasa mai tauri kamar daɓe. Na ɗauka zan ga abu yana zagaye kamar shirwa. Abin da na gani ya sa na zauna ƙasa ban sani ba. Jan jirgin, wanda fiffikensa ya kai tsawon hannayena biyu in na buɗe su, ya ruga, ya ɗaga, ya miƙe sama sak kamar an ja shi da zare. Ya kifo ta baya. Ya murɗa jikinsa kamar ana matse wanki. Sannan ya zo ya wuce gabanmu cikinsa na kallon sama, bayansa na kusan shafar ciyawa. Na ce innalillahi da ƙarfi, manoman da suka taru suka yi mini dariya. Alhaji yana tsaye, babbar riga na kaɗawa, manyan yatsunsa biyu kaɗai ke motsi. Sunan jirgin Tsattsewa.

Daga ranar jiragen Alhaji suka zama aikinmu, don duk Maradi ba mai taɓa su sai Kawu. Abin da ya fara koya mini ba dalma ba ne, ba inji ba ne. Yatsu biyu ne. Ka ɗora jirgi bisa manunan yatsunka, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, daidai inda ƙashin fiffiken ya ratsa. In ya tsaya a kwance, ko hancinsa ya ɗan sunkuya, to lafiya. In wutsiya ta rinjaya, kada a tashe shi ko sarki ya ce a tashe shi. Jirgi mai nauyin hanci rago ne, yana jin magana a hankali. Mai nauyin wutsiya ba ya jin magana sam: ka ce masa kaɗan ya yi da yawa, ka ce ya dawo ya wuce. Tsattsewa tun asali wutsiyarta na ɗan rinjaya, shi ya sa akwai dunƙulen dalma da aka liƙa cikin hancinta.

Farfela kuma, fankar nan da ke juyawa a hancin jirgi, ba ta san mai gyaranta ba. Ina tsaye wata Lahadi ta yanke wa Kawu kan yatsa har ƙashi, don kawai ya miƙa hannu zai murɗa allurar mai ta gaba maimakon ta baya. Jinin ya fantsama har kan mayafina. Ya naɗe yatsan da gefen rigarsa ya ce, "Kin gani? To kin koya, ba sai ta koya miki da kanta ba."

Jirage biyu suka tafi a hannun Alhaji. Ɗaya ya shiga cikin gawo ya fito guntu-guntu. Ɗayan batirinsa ya mutu yana sama, ya miƙe kudu yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Kawu ya ce Bagobirin jirgi ne, ya tafi Jibiya fasa-ƙwauri. Saura Tsattsewa kaɗai.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Muka kwana muka tashi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi nisan da hannu ba ya kaiwa. Ma'aikata na wata da watanni ba albashi, rediyoyin da muka gyara suka yi ta taruwa, ƙura na hawa kansu, masu su ba su dawo ba. Kayan jirgi kuwa suka yanke ƙaf. A shekarar na san mene ne sana'ar. Farin katakon nan mara nauyi da ake yin haƙarƙarin fiffike da shi ya ƙare, muka koma fafe reshen rimi da ɓare falankin akwatin shayi. Sandunan da ke jan wutsiya muka yi su da siraran ƙarafan ƙafar keke. Man injin, alkol ne, wato sinadarin barasa, da man zurma. Innata ta riƙa daka mana ƴaƴan zurma tana tafasawa, ina tacewa da tsohon ɗankwali har ya yi garau kamar zuma. Farfela ce kaɗai ta gagare mu. Kawu ya sassaƙa, ya goge, amma kowacce sai ta riƙa girgiza injin kamar zai fita. Na Baturen guda biyu suka rage.

Cikin wannan shekara Alhaji ya faɗi. A filin ne, da tsakar rana, ya sauke Tsattsewa lafiya, ya juyo zai yi magana, sai ya sulale. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka kai shi likita, aka dawo da shi gida, muka daina jin labarinsa sai daga bakin direbansa: ba ya fita zaure, ba ya karɓar baƙi, ko ƴaƴansa suka gaishe shi sai ya juya fuska bango.

Har an yi girbi sannan wata safiya motarsa ta tsaya ƙofar shago. Ba murya daga bakin titi. Kawu ya fita, na biyo shi. Da na ga wanda ke zaune a baya sai da na dafa ƙofa. Rigar ta yi masa yawa, bakinsa ya karkace, hannun hagu na kwance bisa cinya kamar ba nasa ba. Telekomandi na kan ƙafarsa.

Kawu ya matsa kusa, ya ce, "A'a, Bagobiri, ashe kana nan? Na ɗauka ka gudu da bashin gaisuwata."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannun dama, ya nuna akwatin. Da ƙyar kalmomin suka fito. "Hannu ɗaya, Lawali. Shina yiwuwa?"

Direban ya faɗa mana daga baya cewa wannan ce magana mafi tsawo da ya ji daga bakinsa tun faɗuwar.

Aikin da muka yi wa Tsattsewa a makonnin nan, shi ne mafi wuya da na taɓa sa wa hannu, don akasin abin da aka ƙera ta domin shi ne. An yi ta ne don ta yi fushi da wuri. Mu kuma muna so mu koya mata haƙuri. Da telekomandi muka fara. Yadda Baturen ya tsara shi, hawa da sauka na sandan hagu, karkata dama da hagu na sandan dama. Na buɗe bayansa, na ciro ƙananan sifirin da ke maido da sanda tsakiya, na sauya musu wuri, na sauya wayoyi, har hawa da sauka da karkata duk suka dawo ƙarƙashin yatsan dama. Na ƙara wa sandan tsawo da bututun biro, don yatsa ya yi tafiya mai nisa kafin jirgi ya ji kaɗan. Wutar injin ta koma hagu, na ɗaura wa sandan wani faffaɗan katako kamar kan ludayi, yadda Alhaji zai iya tura shi da gindin tafin hannun da ya mutu. Kawu ya yi masa faifan falanki mai igiya da zai rataya a wuya, akwatin ya zauna a kai.

Sannan jirgin kansa. A bayan kowane fiffike akwai leɓe mai motsi, haka a wutsiya. Su ne linzaminsa. Muka matsar da sandunan ja zuwa ramin da ya fi nisa a kan ɗan ƙahon da ke jikin kowane leɓe, leɓɓan suka rage ɗagawa da kusan rabi. Na toshe ratar da ke tsakanin leɓe da fiffike da siririn kyalle, don kada iska ta riƙa satar hanya. Na gasa ƙarshen fikafikan bisa garwashi daga nesa, ina murɗa su a hankali har gefen baya ya ɗan ɗaga, domin in gudu ya ragu kada fiffike ɗaya ya saki kafin ɗan'uwansa. Muka ƙara dalma a hanci. Ranar Alhamis na ɗora ta bisa yatsuna, ta sunkuyar da kai kamar yarinya mai kunya. Kawu ma ya auna da nasa yatsun. Direba ya zo ya kai ta gidan Alhaji.

Ranar Lahadi aka kafa wa Alhaji kujera gindin wata bagaruwa. Labari ya bazu, mutane suka taru fiye da kullum, har da mata da ke dawowa daga lambu da kwandunan zogale a ka. An shirya Kawu ne zai fara gwadawa, in ya ga ta natsu ya miƙa wa Alhaji.

Ko rabin gudunta ba ta yi ba ta fizge daga ƙasa. Hancinta ya miƙe sama kamar dokin da aka soka. Na ji Kawu ya ce, "Kai! Kai!" Ya danna ta ƙasa, ta zubo kamar dutse. Ya ja, ta sake miƙewa. Ta tsaya cak a sama, ta karkata, ta juyo kan mutane, injin na kururuwa. Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Matan suka watsar da kwanduna suka kwanta. Ta wuce bisa kan wata tsohuwa, kusa ƙwarai har ɗankwalinta ya tashi, ta wuce gefen kujerar Alhaji wanda ba shi da ikon ko sunkuyawa, ta je ta caki laka a bakin magudanar ruwa.

Ganyen zogale ko'ina a ƙasa. Tsohuwar na zaune tana shafa kanta tana duba tafin hannu, tana neman jini. Ba jini. Kawu na tsaye da akwatin a wuya.

"Ramatu," ya ce, muryarsa ba tasa ba, "mun auna ko ba mu auna ba?"

"Mun auna, Kawu."

"To mi ya hwaru?"

Alhaji bai dubi kowa ba. Ya yi wa direba alama da hannu, aka ɗauke shi aka sa a mota.

Fiffiken dama ya karye a tsakiya, farfela ta tarwatse. Saura guda ɗaya ke nan a duniya. A shago na wanke lakar, na ɗaure fiffiken da tsinke na wucin gadi, na ɗora ta bisa yatsuna don in ga ko dalmar hanci ce ta ɓalle. Wutsiya ta faɗi ƙasa har ta bugi tebur. Na leƙa hanci, dalma na nan daram. Na bi jikin da yatsa har ƙarshe, sai na ji ledar ƙarƙashin wutsiya ba yadda na bar ta ba. An tsaga ta, an mayar, an ɗinke da jan zare, ɗinki ƙanana masu kyau irin na mai saƙar hula. Na sa reza na warware. Na zura hantsaki. Abin da ya fito, laya ce, cikin jar fata sabuwa, da zoben ƙarfe a ɗinke jikinta.

Ni da Kawu muka tsaya kallonta bisa tebur, ba wanda ya iya taɓawa. Can ya zauna kan benci ya riƙe kai. Duk Sabon Gari an san Alhaji Sha'aibu ya raba gidansa da layu tun shekarun baya, lokacin da ya fara zama wurin masu wa'azi. Har na wuyan jikokinsa ya sa aka cire.

"Ɗinkin mace ne," in ji Kawu. "Ni ba ni shiga cikin gidan. Ke za ki tahi."

Na tarar da Hajiya Habsu, matar Alhaji, tana tsince shinkafa a inuwar ɗakinta. Ita ma ƴar Tibiri ce, ƙaramar mace mai sanyin murya. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi Innata, na tambayi mai jiki. Sannan na kwance gefen mayafina na ajiye layar bisa tabarma. Hannunta ya tsaya cikin faifai.

"Wa ya ce a hidda ta?"

"Hajiya, ita ta kayar da jirgin."

"A'uzubillahi! Ɗiyar nan, ki san abin da bakinki ke hwaɗi. Sunayen Allah ne a ciki."

"Ba abin da ke ciki ba, Hajiya. Nauyinta."

Ta ɗauki layar ta auna a tafin hannu. "Wanga? Bai kai goro biyu ba." Sai ta rage murya. Ta ce tun farko ba ta son wannan wasa. Sarari da tsakar rana yana da masu shi, ba a ratsa musu hanya da ƙara da hayaƙi a kwana lafiya. Ga shi an gani, a filin ya faɗi, rana na tsaka. Da ta ji zai koma, ba ta iya hana shi ba, don tun da aka fara maganar jirgin ya soma cin abinci. Sai ta je Tibiri wurin malamin gidansu, ya yi mata layar. Ta sa ta a wutsiya ne don nan ne nesa da wutar inji, kuma nan idon Alhaji ba zai kai ba.

Na faɗa mata yadda jirgin ya wuce kan tsohuwa, da yadda ya wuce gefen kujerar. Ba wanda ya gaya mata. Direba cewa ya yi kawai jirgi ya faɗi. Faifan ya zame daga cinyarta, shinkafa ta watse, kaji suka rugo, ba ta ko kore su ba. Ta yi ta maimaita, "Kujerarshi? Kusa da kujerarshi?"

Da ta dawo hayyacinta sai ta ce, a hankali amma ba alamar wasa, "Duk da haka, in babu ita ciki, jirgin nan ba ya barin gidan nan. Gara in sa mashi wuta da hannuna."

Sai idona ya faɗa kan muciya jingine da bango. Na ɗauko, na kwantar da ita bisa yatsa har ta tsaya. Na ɗora layar a tsakiya, daidai kan yatsan, muciya ba ta motsa ba. Na matsar da ita can ƙarshe, muciya ta kife. Hajiya ta karɓa ta gwada da kanta, ta sake gwadawa.

"Kamar goyo ne," ta ce. "In ya zame ƙasa sai ya ja ki baya, ko jariri ne."

"Haka ne, Hajiya."

"To a ɗaure shi inda ya kamata mana. Ku ma da kun tambaye ni."

Gyaran fiffiken ya ci mu kwanaki. Na fafe sabbin haƙarƙari daga rimi, Kawu ya haɗa ƙashin da falankin akwatin shayi gaba da baya. Ɓangaren da aka gyara ya fi nauyi, sai na soka ƙaramar ƙusa a ƙarshen ɗayan fiffiken har suka daidaita. Ranar da za a rufe jirgin da leda, na ɗauki gangar jirgin cikin zane na kai wa Hajiya. Na ɓalle wani yanki na dalmar hanci, na nuna mata wuri bayan tankin mai, gaba kaɗan da fiffike. Ita ta ɗinke layar a jikin katako da jan zarenta, tana motsa baki. Na ɗora bisa yatsuna. Hanci ya sunkuya, ya ɗan fi na da. Na bar shi haka.

"Kada ya ji," ta ce.

"Ba daga bakina ba, Hajiya."

Lahadin da ta biyo, da hantsi muka fita, don Hajiya ta ce ba tsakar rana ba, kuma ta ce da ita za a je. Ta zauna cikin mota, gilashi a sauke rabi. Mutane sun zo, amma can nesa suka tsaya bayan magudanar ruwa, tsohuwar nan ma tana cikinsu. Na auna jirgin a filin, gaban kowa. Na ɗaura farfela ta ƙarshe. Kawu ya rataya akwatin a wuya. Ya sa yatsa kan sanda, ya cire. Ya sake sawa, ya cire.

"Ba ni iyawa," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ina rufe ido ɗankwalin nan nake gani."

Alhaji ya buga hannun kujera. Muka juya. Ya miƙo hannun dama.

"Alhaji, a bari a gwada tukuna," in ji Kawu. "In ta sake faɗuwa, shi ke nan, babu wata."

"Kawo."

Kawu ya rataya masa. Na ɗaga hannun hagun na ɗora gindin tafinsa bisa katakon, yana da sanyi da nauyi kamar ƙullun da ya kwana. Na tayar da injin ta baya, na riƙe wutsiya, na dube shi. Ya tura kafaɗarsa gaba, hannun ya tura katakon, injin ya ɗauka. Na saki.

Ta yi gudu mai tsawo, har na fara tsoron filin zai ƙare. Sai ta ɗaga a hankali, kamar wadda ke tashi daga kan tabarma. Ta hau, ta karkata, ta zagayo bisa gonakin alkama, ja a kan kore. Ta sake zagayowa. Ba fizga, ba rawa. Kawu na bayana yana ta salati. Na ce a raina ya isa haka, ya sauke ta.

Ta taho daga wajen Tibiri tana rage tsawo, na ɗauka sauka za ta yi. Daidai gabanmu sai ta mirgina, ta kwanta rigingine, cikinta na kallon sama. Kawu ya ƙwala ihu, "Sha'aibu!" ba Alhaji ba komai. Daga mota na ji ƙarar Hajiya. Mun rage wa leɓɓanta motsi, mun cika mata hanci, ba mu gyara ta don wannan ba. Ta wuce filin gaba ɗaya a haka, hancinta na neman ƙasa, yatsa ɗaya na hana shi. Can ƙarshe ta mirgino daidai, ta zagayo, Alhaji ya janye hannun da kafaɗa, injin ya yi ƙasa. Ta taɓa ƙasa, ta yi tsalle ɗaya, ta gangara ta tsaya. Farfela na nan lafiya.

Mutanen bayan magudana suka ɓarke da sowa. Alhaji gumi ya jiƙa masa hula. Na ɗauko jirgin na kawo gabansa.

"Ramatu," ya ce. Ban san ya riƙe sunana ba. "Gabanta ya ƙara nauyi. A kife na ji shi. Mi kuka sa?"

Na dubi Kawu. Kawu ya dubi sama. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai na ji an buɗe ƙofar mota. Hajiya ta tako har gaban kujerar, mayafinta na jan ƙasa.

"Ni na sa, Alhaji. Laya ce. Waccan ranar ma ni ce."

Alhaji ya dube ta. Ya dubi jirgin, ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance bisa katako. Na ga Kawu ya matso, yana shirin shiga tsakani.

"Nauyin ya yi daidai," in ji Alhaji. "A bar shi inda yake."

Sannan ya juya wajen Kawu, ya ɗaga murya iyakar abin da ta iya kaiwa.

"Kai, bawana. Tsayuwar mi kake? Ƙara mata mai."